Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya: in ƙara kuɗi a ba mu babban ɗaki a jirgin ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na kama mana ɗaki a jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, tafiyar kwana bakwai a tekun Bahar Rum, za mu tashi daga Basalona ta ƙasar Sifen nan da wata biyar. Ni ne da uwargida da 'ya'yanmu biyu, mace 'yar shekara 13 da namiji ɗan shekara 5. Ɗakin ciki na kama, marar taga, don shi ne mai sauƙin kuɗi. Yanzu ejan ɗinmu ya ce in na ƙara dala 700 za a mayar da mu ɗaki mai baranda, in kuma na ƙara dala 1,500 a ba mu ƙaramin suwit, wato ɗaki mai ɗan faɗi da wurin zama. Ya ce kuma ina iya jira kamfanin ya aiko da saƙon tayi idan tafiya ta matso, wataƙila in samu da araha. Jirgin zai tsaya a tashoshi biyar, yini ɗaya kawai za mu yi a tsakiyar teku. Ba mu taɓa irin wannan tafiya ba. Wanne ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Na ji daɗin yadda ka faɗi yawanku da shekarun yara da hanyar da jirgin zai bi, domin a nan amsar take.

Ra'ayina a taƙaice: ya kamata ku bar wannan ɗaki ɗaya, amma ba baranda ce maganin matsalarku ba. Abin da zai fi damun ku shi ne mutum huɗu da banɗaki ɗaya, kuma dala 700 ɗin da aka ce ka ƙara ba za ta taɓa wannan ba.

Bari in faɗa maka yadda ake ƙera ɗakunan nan, sai ka ga dalili. Ɗakunan manyan jiragen yawo ba a cikin jirgi ake gina su ba. A masana'anta ake haɗa su kamar akwati, da banɗaki da wayoyin lantarki da komai, sannan a ɗauko a jera su cikin jirgin. Shi ya sa a jirgi ɗaya ɗakin ciki da mai taga da mai baranda kusan uwa ɗaya uba ɗaya ne. Ɗakin ciki yakan kai murabba'in mita 14 zuwa 17, mai baranda kuma 16 zuwa 19, sai barandar kanta mai kamar mita 4 ko 5 a waje, wadda ba ta ɗaukar abin da ya wuce kujeru biyu da ɗan tebur. Banɗakin iri ɗaya ne, wurin rataya kaya ma haka. Abin da kake saye da kuɗin baranda haske ne da iska da kallon teku, faɗin ɗaki kuwa ɗan kaɗan yake ƙaruwa. Ka kuma lura, wasu kamfanoni sukan haɗa girman baranda da na ɗaki su rubuta lamba ɗaya, sai ɗakin ya yi kamar ya fi girmansa. Ka sa ejan ya raba maka su.

To yanzu ka kwatanta dare a wannan ɗaki. Gadaje biyu ne ake haɗawa su zama naku kai da uwargida. Yara kuma ko dai gado ya sauko musu daga rufi ko bango da tsani, ko a buɗe kujerar zama ta zama gado. A ɗakuna masu baranda da yawa, kujerar nan tana kusa da ƙofar baranda, da an buɗe ta hanya ta toshe. Lokacin da kuka fi son barandar, bayan yara sun yi barci ku fita ku sha iska ku biyu, shi ne lokacin da sai kun tsallake yaro kafin ku kai ƙofa. Da safe kuwa jirgi ya tsaya ƙarfe takwas, motar yawon gari tana jira, mutum huɗu suna layin wanka a banɗakin da mutum ɗaya ke juyawa da ƙyar. Ga yarinya mai shekara 13, wadda ta kai lokacin da take buƙatar inda za ta canza kaya ba idon kowa. Na sha ganin iyalai sun dawo daga tafiya mai kyau, amma abin da ya fi tsaya musu a rai shi ne wannan cunkoso na safiya.

Don haka kafin ka amsa wa ejan komai, ka tambaye shi wani abu da bai kawo maka ba: nawa ne ɗakunan ciki biyu masu ƙofa a tsakani? Ana samun su a yawancin manyan jirage, sai dai ba su da yawa, kuma su ake fara kamewa lokacin hutun makaranta. Da su za ku samu banɗaki biyu, wurin kaya biyu, faɗi ninki biyu, da ƙofar da za ku buɗe ko ku rufe yadda kuka ga dama. Babu ƙaramin suwit ɗin da zai ba ku wannan. Kuɗin zai ƙaru, gaskiya ne, domin a ɗaki ɗaya mutum na uku da na huɗu ragi ake yi musu, a ɗaki biyu kuwa kowa cikakken kuɗi zai biya. Amma sau da yawa ƙarin yakan faɗa tsakanin dala 700 da dala 1,500 ɗin da aka ba ka, kuma ba za ka sani ba sai an buga lissafin. Saboda dokokin kamfanoni game da ƙananan yara, hanya mafi sauƙi ita ce a rubuta kai da ɗaya a ɗaki guda, uwargida da ɗayan a ɗaya ɗakin. Kada kuma ka yarda da "ɗakuna maƙwabta" a madadin masu ƙofa a tsakani. Maƙwabta sai an fita waje an zagaya, ɗan shekara 5 kuwa ba a barin sa haka da dare.

Wata biyar ɗin da ya rage maka shi ne ƙarfinka. Kamfanoni sukan karɓi cikon kuɗi wata biyu zuwa huɗu kafin tashi. Kafin wannan rana canza ɗaki yana da sauƙi, bayanta ana iya ɗaukar raba ɗaki ɗaya zuwa biyu a matsayin sokewa da sake kamawa, da tararsa. Ka duba sharaɗin irin tikitin da ka saya, musamman ko kuɗin kafin alƙalami na dawowa.

Ba ina kushe baranda ba ne. Ina son ta ƙwarai, kuma akwai tafiyar da ba zan shawarci kowa ya yi ba tare da ita ba in yana da hali. A lungunan ruwan Norwe irin su Gairanga, inda jirgi ke ratsawa tsakanin dogayen duwatsu ruwa na zubowa daga samansu, ko a Alaska inda jirgi ke yini a mashigin Glacier Bay yana juyawa a gaban tsaunin ƙanƙara, kallon shi ne tafiyar, kuma barandarka ce kujerarka. Tafiyarku ba haka take ba. A yammacin Bahar Rum jirgi da dare yake tafiya, da rana yana ɗaure a tasha, irin su Marsey da Jenowa da Napoli, ku kuma kuna cikin gari tun safe har la'asar ko magariba. Wasu tashoshin ma na kaya ne, abin da baranda za ta nuna muku kwantena ne da injinan ɗaga kaya. In muka ce za ku zauna a barandar awa biyu kullum, awa 14 ke nan a mako, dala 700 ta zama dala 50 kowace awa. Akwai mutanen da wannan bai yi musu tsada ba, kamar mai tashi da asuba don ganin jirgi na shiga tasha, ko wanda hayaniyar jama'a ke gajiyar da shi. Idan kai ko uwargida haka kuke, lissafin ya canza, kuma ku kuka san kanku. Amma shigowa tashar Baleta ta Malta, wadda tana cikin mafi kyau a wannan hanya, daga saman jirgi an fi ganinta, ta kowane ɓangare, kuma kyauta.

Akwai kuma maganar ɗan ƙaramin. Shingen baranda yana da tsayi, ya ɗan haura mita ɗaya, ba a faɗawa haka kawai. Haɗarin yana zuwa ne idan yaro ya ja kujera ya taka. In kun ɗauki baranda, ƙofar ta zauna a kulle ta sama, kuma kada a bar shi a can shi kaɗai ko na minti ɗaya. Ba kuma filin ka yi yadda kake so ba ce: yawancin kamfanoni sun hana shan taba da shanya kaya a baranda. Tsananin ya ƙaru ne tun gobarar jirgin Star Princess a 2006, wadda binciken hukuma ya nuna ta fi yiwuwa daga guntun taba ta tashi a wata baranda.

Ƙaramin suwit kuwa, sunan yakan yaudari mutum. A jirage da yawa ɗaki mai baranda ne da aka ɗan tsawaita, aka sa babbar kujera, wani lokaci da bahon wanka da labule tsakanin gado da wurin zama. Gatan da ake ji game da suwit, wato ɗakin cin abinci na musamman, ma'aikaci na kanka, shiga jirgi ba layi, na manyan suwit ne, irin sashen Yacht Club na kamfanin MSC ko The Haven na kamfanin Norwegian, kuma kuɗinsu ya wuce abin da muke magana a kai nesa ba kusa ba. In ba a samu ɗakuna masu ƙofa a tsakani ba, ƙaramin suwit ya fi muku baranda zalla, saboda labulen da faɗin ƙasa. Sai dai ka sa a rubuto maka abin da ke ciki dalla-dalla, ka kuma tambayi kuɗin hidimar ma'aikata da ake cirewa kullum a kan kowane mutum, domin a wasu kamfanoni yakan ƙaru idan ɗaki ya shiga ajin suwit.

Sai batun tayi. Kamfanoni da dama suna yi: Royal Caribbean na kiran nasu RoyalUp, Celebrity na kiran nasu MoveUp. Za a aiko maka da saƙo ka taya ɗakin da bai samu mai saye ba, in sun sallama su cire kuɗi daga katinka nan take. Abu uku ne ya kamata ka sani. Lambar da ka taya ta mutum ɗaya ce, ana ninka ta biyu. In an sallama ba a fasawa. Kuma su ke zaɓar maka ɗakin, ba kai ba. Ga mata da miji su kaɗai, waɗanda duk inda aka sa su daidai ne, tayi hanya ce mai kyau. Ga iyali mai mutum huɗu ba na son sa, domin ɗakunan da ke ɗaukar mutum huɗu kaɗan ne, su ne kuma ba sa saura, sai ka jira har lokacin canji ya wuce ka tashi a tutar babu.

Wannan ya kawo ni ga abin da mutane ke mantawa, inda ɗakin yake a cikin jirgi. Tunda ba ku taɓa hawa ba, ba ku san wanda teku zai sa wa jiri da tashin zuciya a cikinku ba. Jirgi ya fi girgiza a goshi da can sama, ya fi natsuwa a tsakiya da hawa na ƙasa. Wasu abokan hulɗata sun taɓa barin ɗakin ciki mai kyau a tsakiyar jirgi suka ci tayin baranda, aka kai su can gaba, ƙarƙashin filin wurin ninƙaya. Tun kafin gari ya waye ma'aikata ke jan kujeru a kansu, matar kuma ta yi kwana biyu a kwance. Abin ya dame ni ƙwarai, kuma tun daga nan ba na barin kowa ya biya sai mun buɗe taswirar jirgin tare. Ka nemi ɗakin da sama da shi ɗakunan kwana ne, ƙasa da shi ma haka, nesa da gidan rawa da kicin. In mai taga ne ko baranda, ka tambaya ko kwale-kwalen ceto ya tare gabansa. Akwai ma jiragen da wasu barandunsu cikin jirgi suke kallo ba teku ba, kamar Oasis of the Seas da 'yan'uwansa.

Abu ɗaya zai sa in janye maganar ɗakin ciki gaba ɗaya. Idan akwai wanda rufaffen wuri ke ƙuntata wa zuciya a cikinku, kada a gwada. Ɗakin ciki da an kashe fitila duhu ne ƙirin, rana da dare ɗaya. Wasu barci suke yi a cikinsa irin wanda ba su taɓa yi ba, wasu kuma ji suke kamar numfashi zai ɗauke. Ka tambayi uwargida tsakani da Allah, ka tambayi yarinyar ma. In akwai damuwa, ɗaki mai taga shi ne tsaka-tsaki. Tagar ba ta buɗuwa, amma hasken rana na shiga, ana ganin inda ruwa ya haɗu da sama, wanda kallonsa yana rage jiri, kuma ƙarin kuɗinsa bai kai na baranda ba.

Ka kira ejan a wannan makon, ka ce ya kawo maka farashin ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, na ciki da masu taga, a tsakiyar jirgi, da lambobin ɗakunan a rubuce. Ka ajiye ƙarin da za ka biya kusa da ƙarin dala 1,500 ɗin ƙaramin suwit. In bai wuce ta ba, ko ya wuce da kaɗan, ɗauki ɗakuna biyun. In babu su, ka biya ƙaramin suwit kai tsaye ka zaɓi lambarsa da kanka, ka bar maganar tayi.