Amsa ga sabon malamin da ɗalibansa ke cewa sun gane, su faɗi jarrabawa

Malam, barka da shigowa wannan aiki, Allah ya taimaka. Ka ce kana raba dare wajen shirya lacca, ɗalibai suna rubutu suna gyaɗa kai, amma takardun jarrabawa ba daɗin gani. A tutoriyal kai kaɗai ke magana, a ɗakin gwaje-gwaje kuma rahoton mutum ɗaya ke zagaye aji. Na daɗe ina koyar da fiziks, don haka misalaina daga can za su fito.

Da farko ka daina tambayar "an gane?". Ɗalibin da ya amsa da "e" ba ƙarya yake yi ba. Ya ga ka warware lissafin a allo, ya bi ka mataki-mataki, sai ya ɗauka ya iya. Amma wanda ya tsaya a bakin kogi yana kallon mai iyo, ba a sanin iyawarsa sai ya shiga ruwan. Aikinka shi ne ka sa su shiga tun kana kusa, kada ranar jarrabawa ta zama karon farko.

Ga yadda nake yi, kuma ba ni na ƙirƙiro ba. Eric Mazur na Jami'ar Harvard ne ya fito da salon a farkon shekarun 1990, bayan ya gano ɗalibansa suna iya lissafi amma ba su fahimci ma'anarsa ba. Ka yi bayani na minti goma ko sha biyar, ka tsaya, ka kawo tambaya ɗaya mai zaɓi. Misali: babbar mota ta yi karo da ƙarama, wacce ta fi dukan 'yar'uwarta da ƙarfi? Kowa ya yi tunani shi kaɗai na minti ɗaya, sannan ya nuna amsarsa da yatsu a ƙirjinsa, yadda kai kaɗai za ka gani. Za ka sha mamakin yawan masu cewa babbar, alhali yanzun nan suka rubuta dokar Newton ta uku, wadda ta ce ƙarfin daidai yake. Kada ka faɗi amsa. Ka ce kowa ya nemi na kusa da shi mai amsa daban ya shawo kansa. Ajin zai kaure da hayaniya, ka bar shi, ka zagaya kana saurare. A nan za ka ji ainihin abin da ke kansu: sun haɗa ƙarfin duka da girman ɓarnar da ya yi. Sai su sake zaɓe, sannan ka rufe da bayani. Idan kusan kowa ya kuskure amsar tun farko, muhawara ba ta da amfani, sake bayani za ka yi. Idan kusan kowa ya ci, ka wuce.

Na san za ka ce manhaja ba za ta ƙare ba. Gaskiya ne, sai ka rage wani abu, ka ba su shi su karanta kafin su zo. Amma ribar ta fi. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa sun tattara bincike 225 kan darussan kimiyya, injiniyanci da lissafi, suka samu masu faɗuwa sun kai kusan kashi 34 cikin ɗari inda lacca ce zalla, kusan kashi 22 kuma inda ake sa ɗalibai aiki a aji. Ka shirya wa ƙorafi dai. Wani bincike a Harvard a 2019 ya nuna ɗalibai suna jin kamar sun fi ƙaruwa da lacca mai daɗin sauraro, alhali gwaji ya nuna sun fi koyo inda suka sha wahalar tunani. Shi ya sa nake gaya musu dalilina tun ranar farko.

Shirun tutoriyal kuwa, sau da yawa mu malamai ne ba ma haƙuri. Mary Budd Rowe ta auna a shekarun 1970 cewa malami yakan jira kamar daƙiƙa ɗaya bayan tambaya; da aka kai jiran daƙiƙa uku, amsoshi suka ƙara tsawo, masu magana suka ƙaru. Ka yi tambaya, ka yi shiru, ka miƙa alli ga ɗalibi. Idan ya yi kuskure, ka ce "ta ina ka bi ka iso nan?", kada ka kunyata shi, domin wanda aka yi wa dariya sau ɗaya ba zai sake ɗaga hannu ba.

Kwafar rahoto tana zuwa ne idan an san amsa tun kafin a taɓa kayan aiki. In ka ce su tabbatar da 9.8, wato adadin da littafi ya bayar na yadda gudun abin da ke faɗowa ƙasa yake ƙaruwa, kowa zai gyara lambobinsa su ba da 9.8. Natasha Holmes da Carl Wieman sun duba irin wannan firatikal na maimaita lacca a jami'o'i uku na Amurka, ba su ga ya ƙara komai a makin jarrabawa ba. Ka ba su abin da sai an auna. Ƙwallon ƙarfe ne rataye da zare: lokacin lilonsa ɗaya ne idan aka sake shi daga digiri 10 da digiri 20? Bambancin bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, wanda ya auna lilo ɗaya da agogon hannu ba zai gan shi ba. Su da kansu za su gano sai sun ƙirga lilo ashirin ko hamsin a jere, su maimaita. Kowa ya rubuta hasashensa kafin a fara, ka sa hannu a lambobin da suka auna kafin su fita, maki kuma ya tafi ga wanda ya bayyana me ya canza a awonsa da dalilin canzawar, ko da sakamakonsa ya saɓa wa na littafi.