Wane famfo zan saya na ramin ɗakin ƙarƙashin ƙasa?

Malam, ka ce famfon da ke zuƙe ruwa daga ramin ɗakin ƙarƙashin gidanku a Amurka ya daina aiki, kana neman madadinsa. Kafin ka fita kanti, karanta bayanin da ke rubuce a ɗan ƙarfen da ke manne a jikin tsohon, ka auna faɗin ramin, sannan tsawon da ruwa ke hawa kafin ya fita waje.

Yawancin gidaje mai ƙarfin doki 1/3 ya ishe su. Idan ramin na cika da sauri ko hawan ya yi tsawo, sai 1/2. Kada girma ya ruɗe ka, wanda ya fi ƙarfin rami kullum cikin tashi da mutuwa yake, nan da nan zai gaji. Ni na fi son mai nutsewa cikin ruwa, mai jikin ƙarfe. Ya fi shiru, ruwan kuma na sanyaya shi. Mai tsayawa a saman rami ya fi araha, ga ƙara.

Inda aka fi shan wahala shi ne ƙwallon da ke tasowa da ruwa ya kunna injin. In ramin ƙarami ne, mai igiya kan maƙale a bango, ɗauki mai hawa a tsaye. Ka canza bawul ɗin da ke hana ruwa komowa, bututun kuma ya dace, galibi inci 1½. Kana haɗawa ka zuba bokitin ruwa ka gani.

Ruwan sama mai ƙarfi kan zo da ɗaukewar wuta, don haka ajiye famfo na biyu mai batir a gefe ba almubazzaranci ba ne. Batun soket ka bar wa mai wayarin. Kuma tambayi hukumar garinku inda za ka zubar da ruwan, garuruwa da yawa sun hana zuba shi a bututun bahaya.