Amsa Ga Ƙanena Kan Abin Da Yara Ke Koya A Zangon Farko A Firamaren Ingila

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma na yi maka murna da samun gurbin karatun digiri na uku, Allah Ya sanya albarka. Ka ce za ka taho da mai ɗakinka da yara biyu, 'yar shekara shida da ɗan shekara huɗu, kana son sanin abin da ake koya wa yara a zangon farko, har ka ƙara da cewa yarinyar ce ke zuwa ta ɗaya a ajinsu kuma ta haddace lissafin sau har zuwa 12, don haka kana tunanin ko za a tsallakar da ita aji. Ba kai ne na farko da ya yi mini wannan tambaya ba, saboda haka zan amsa ta dalla-dalla domin masu irin niyyarka su ma su amfana. Sai dai su sani cewa tun watan Janairun 2024 ɗalibin da ya zo digiri na biyu na zaman aji ba shi da damar tahowa da iyali, sai mai karatun bincike irin naka ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa.

Maganar tsallake aji ka cire ta daga ranka tun yanzu. A makarantun gwamnati na Ingila shekarun haihuwa ne ke sanya yaro a aji, ana duba shekarunsa a ranar 1 ga Satumba, kuma da wuya ka ga an ɗaga yaro gaba don hazaƙa ko an maimaita masa aji don rauni. 'Yarka za ta shiga aji biyu, ƙanenta kuma ajin share fage, inda mafi yawan koyo ta hanyar wasa ake yin sa. Zangon farko yana farawa a farkon Satumba ya ƙare gab da Kirsimeti, da hutun mako guda a ƙarshen Oktoba, kuma shekarar karatu gaba ɗaya kwana 190 ce a zango uku. Idan ka karanta takardar da makaranta za ta aiko maka mai bayanin darussan zangon, za ka raina ta, domin za ka ga abubuwan da kake ganin 'yarka ta wuce su tun bara. Wannan rainin shi ne yake cutar da 'ya'yan mutanenmu a nan fiye da komai.

Bari in fara da karatu, domin a nan ne ni da iyalina muka sha wuya. Turanci yana da haruffa 26 amma sautukansa sun kai 44, kuma a nan ba a fara koya wa yaro sunan harafi, sautinsa ake koya masa, sannan a koya masa haɗa sautuka su zama kalma. Kullum da safe akwai wannan darasi, tun daga ajin share fage har zuwa aji biyu. Tun shekarar 2012 ake yi wa kowane yaro gwaji a watan Yuni na aji ɗaya, a ba shi kalmomi 40 ya karanta wa malaminsa, rabinsu kalmomi ne na gaske, rabinsu kuma ƙirƙirarru ne marasa ma'ana waɗanda ake ajiye hoton wani dodo a gefensu domin yaro ya san suna ne kawai aka ƙaga. Wanda ya karanta 32 daidai ya haye. Hikimar ƙirƙirarrun kalmomin ita ce a rarrabe yaron da ya iya haɗa sauti da yaron da ya haddace siffar kalmomi, kuma tun da 'yarka ba ta yi gwajin a aji ɗaya ba, za ta yi shi a ƙarshen aji biyu.

Babbar 'yata ta zo ƙasar nan tana karanta littafin Turanci da murya mai daɗi, amma a makon farko aka saka ta a rukunin ƙarshe na masu karatu, saboda duk kalmar da ba ta taɓa gani ba sai ta tsaya tana kiran sunayen haruffanta ɗaya bayan ɗaya. Hukuncin malamar a kan wannan gaskiya ne. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, da ta ga an rubuta a takarda cewa Turanci ba shi ne harshen gidanmu ba, sai ta ɗauka yarinyar ba ta fahimtar abin da ake faɗa mata, ta riƙa ba ta littattafan yara 'yan shekara huɗu, ni kuma ta riƙa yi mini magana a hankali da ɗaga murya kamar wanda bai taɓa shiga aji ba. Ban yi faɗa ba. Na nemi jerin sautukan da suke bi, muka riƙa zama da yarinyar kowane dare bayan na dawo daga aiki a gajiye, mahaifiyarta kuma tana sa hannu a littafin da ake rubuta abin da yaro ya karanta a gida. Kafin shekarar ta ƙare ta koma rukunin farko, kuma har yau idan na tuna ina jin daɗi, domin babu wanda ya yi mana wannan aiki, mu muka yi abinmu. Ka sani za a riƙa aiko da littafi a jakar yarinya, ana sa ran wani babba ya saurari karatunta kusan kullum, kuma malamai suna gane gidan da ake yi da gidan da ba a yi.

A fannin rubutu, ɗan aji biyu zai koyi bambanta jimlar bayani da ta tambaya da ta umarni da ta mamaki, da sanya babban harafi da aya a muhallinsu, da haɗa jimloli biyu da kalmomin haɗi, kuma zai fara sarƙa haruffa. Ba a cika kwafe rubutu daga allo ba, yaro ake so ya ƙago nasa labarin ko wasiƙa ko bayanin yadda ake yin wani abu, kuma yaran da suka saba da kwafe sukan zauna riƙe da fensir ba su san ta inda za su fara ba.

Lissafi kuwa shi ne zai fi ba ka mamaki. Manhajar da ake bi tun 2014 ba ta neman ɗan aji biyu ya san lissafin sau sai na 2 da na 5 da na 10, sai a aji huɗu ake gwada su har zuwa 12 sau 12 a kwamfuta, tambaya 25, kowace da daƙiƙa shida. A mafi yawan makarantu zangon farko kusan gaba ɗaya yana tafiya ne a kan lambobin da ba su wuce 100 ba: sanin cewa 47 goma huɗu ce da bakwai, sanin duk lambobi biyun da ke haɗuwa su ba da 20, tarawa da ɗebewa, sai siffofi. Daga baya za a shiga rabi da sulusi da rubu'i, da ƙirga fam da kwabbansa, da karanta agogo. Abin da ake so shi ne yaro ya nuna dalilin amsarsa da 'yan tubalan roba ko da zane ko da bakinsa. Za a ce masa wani yaro ya ce 38 da 25 sun ba da 53, shin ya yi daidai, kuma a ina ya ɓata. Haddar 'yarka za ta amfane ta nan gaba, kada ka bari ta manta da ita, amma ranar da aka tambaye ta dalilin da ya sa 5 sau 4 ya zama 20, haddar ba za ta amsa mata ba. Tun kafin ku taso ka riƙa tambayarta yadda aka yi ta samu amsa, ka kuma yi haƙurin saurarenta har ta gama.

Sauran darussan sau da yawa ana ɗaure su ne a kan jigo guda na tsawon rabin zango, kuma wannan tsari ya burge ni. Wanda ya fi yawa a aji biyu shi ne babbar gobarar Landan, wadda ta tashi ranar 2 ga Satumba 1666 daga gidan wani mai gasa burodi, ta cinye gidaje fiye da 13,000 da babbar majami'ar birnin. A darasin tarihi za a tambayi yara yadda muka san abin da ya faru, a kawo musu labarin Samuel Pepys wanda ya rubuta abin da ya gani da idonsa. A darasin Turanci su rubuta nasu bayanin kamar suna wurin, a kimiyya su gwada katako da bulo da ƙarfe da takarda su gano abin da ya sa wutar ta yi saurin yaɗuwa, a darasin ƙere-ƙere su gina gidajen kwali, a labarin ƙasa kuma su nemo kogin Thames a taswira. Wasu makarantu sukan ɗauki Florence Nightingale da Mary Seacole, matan da suka yi jinyar sojoji a yaƙin Kirimiya. Ban da wannan, kimiyya tana koyar da bambancin abu mai rai da wanda ya mutu da wanda bai taɓa rayuwa ba, da muhallin dabbobi, da yadda iri ke tsiro. Labarin ƙasa yana koyar da nahiyoyi bakwai da manyan tekuna biyar da ƙasashe huɗun da suka haɗu suka zama Birtaniya da manyan biranensu. Akwai zane da kiɗa da motsa jiki sau biyu a mako a yawancin wurare, da darasin kwamfuta inda suke tsara wa ɗan mutum-mutumi umarni mataki-mataki, ana kuma koya musu kiyaye kai a intanet.

Ba za ka ga an rubuta wa 'yarka ta ɗaya ko ta biyar ba. Abin da ake faɗa shi ne yaro bai kai matakin shekarunsa ba, ko ya kai, ko ya zarce. Wajen Oktoba ko Nuwamba za a kira ku ganawa da malama ta kimanin minti goma, kuma mutanen nan suna da taushin baki ƙwarai, za a yi ta yabon halin yarinya har lokaci ya ƙare ka fito kana murna alhali tana baya. Ka tambaya kai tsaye a wane mataki take a karatu da rubutu da lissafi, kuma me za ku yi a gida.

Sai batun addini, wanda nake roƙonka ka shirya masa kafin ya same ka. Doka ta wajabta darasin addinai da taron ibada na kullum wanda akasarinsa ya karkata ga Kiristanci, ko da yake iyaye suna da haƙƙin cire 'ya'yansu daga duka biyun. A darasin ana koyar da Kiristanci da Musulunci da Yahudanci da sauransu a matsayin sani, amma daga ƙarshen Nuwamba makaranta takan cika da waƙoƙin Kirsimeti da shirin wasan kwaikwayon haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, bisa aƙidar Kirista, kuma kowane yaro ana ba shi rawar da zai taka. Ku yanke shawara kai da mai ɗakinka tun da wuri, ku gaya wa malama cikin ladabi, ku kuma yi wa yarinyar bayanin da hankalinta zai ɗauka, domin zama a gefe ba tare da sanin dalili ba yana yi wa yaro ciwo. Tun Satumbar 2020 kuma akwai darasin zamantakewa na dole wanda ba a cire yaro daga cikinsa, yana magana kan abota da kare jiki da nau'o'in iyali, har da waɗanda addininmu bai yarda da su ba. Kana da damar neman a nuna maka kayan da za a koyar, kuma ina ba ka shawarar ka nema a makon farko.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne saurin da harshen yaro ke juyawa. Zango ɗaya ya isa ka yi wa ɗanka magana da Hausa ya mayar maka da Turanci, kuma ƙaramin ne zai riga yayarsa. Makaranta ba za ta koya musu Hausa ba, ba za ta koya musu Alƙur'ani ba, kuma tarihin yankinmu ba ya cikin darussan waɗannan shekaru, sai a manyan azuzuwa ne wasu makarantu ke zaɓar daular Benin ko Bagadaza ta wajen shekara ta 900. Ana tashi makaranta da misalin ƙarfe uku da kwata, a Disamba kuma rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, yara suna dawowa a gajiye cikin sanyi, ga littafin karatu yana jira, ga Islamiyya, kai kuma kana can ɗakin bincike. Nauyin zai fi sauka a kan mai ɗakinka, don haka ka zauna da ita ku tsara yadda za ku raba shi. 'Ya'yana har yau suna jin Hausa suna mayarwa, saboda mun tsaya a kan cewa da ita ake magana a cikin gida, ko da wata malama ta taɓa ba mu shawarar mu koma Turanci domin wai yarinyar ta fi saurin kamawa. Mun ƙi, kuma karatunta bai ragu da komai ba.

Kada ka shirya tafiya gida a tsakiyar zango, domin tun watan Agustan 2024 tarar fashin makaranta ba da izini ba fam 80 ce a kan kowane uba ko uwa game da kowane yaro, ta koma fam 160 idan ba a biya cikin kwana 21 ba. Gurbin makaranta kuma ta hannun ƙaramar hukumar unguwarku ake nemansa da shaidar adireshi, kuma tun da doka ta hana ajin ƙananan yara ya wuce ɗalibi 30 ga malami ɗaya, mai yiwuwa ne makarantar da ke kusa da ku ta cika, ko a raba yaran makarantu biyu. Ka turo mini sunan unguwar da za ku zauna da ranar saukarku domin in duba makarantun da ke kewaye, ni kuma zan aiko maka da jerin sautukan ku fara da yarinyar tun yanzu. Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yaran.