Tambaya da Amsa: Jelin cikin pampas da na asibiti ɗaya ne?

Tambaya: Salam Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce a Gombe, akwai wani jeli mai sanyi da muke sawa a kan ƙuna, to rannan pampas ɗin ɗana ya fashe naga abu kamarsa, wai duk ɗaya ne? Kuma me yasa baya da ƙwari?

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, dangi ɗaya ne, haidirojel ake ce musu. Zaruruwan polima ne, wato sinadarai masu dogon jiki kamar zare, da suka sarƙe kamar komar masunta a Dadin Kowa, ruwa ya maƙale a ramukan, wani ma sama da kashi 90 cikin ɗari ruwa ne zalla, shi yasa kina matsa shi yake dagargajewa kamar agidi.

Ƙwarin nan shi masana suka daɗe suna nema. A 2003 Farfesa Jian Ping Gong ta jami'ar Hokkaido a Japan ta saƙa ragar polima biyu cikin juna, ɗaya mai tauri ɗaya mai miƙewa, in an ja sai mai taurin ta tsintsinke ta shanye wahalar ita kuma ɗayar ta riƙe jikin, wallahi dabarar tana burge ni sosai. A 2012 kuma masana a jami'ar Harvard ta Amurka suka haɗa aljinet na ciyawar teku da wata polima, jelin ya miƙe ninki 20 bai tsinke ba. Burin shi ne wata rana ya maye gurbin guringuntsin gwiwa da ya cinye.

Amma dan Allah ki ja kunnen iyaye, na pampas ba a tsaftace shi don ciwo ba, kar su shafa wa yaro a ƙuna.