Shin tumaki za su iya rayuwa a kan tsiron gishiri shi kaɗai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji labarin wani tsiro mai suna Atriplex, wai yana fitowa a gonar da gishiri ya kashe, kuma fari ba ya damunsa. An ce yana tsotse gishirin har gona ta farfaɗo, kuma tumaki za su iya cin sa shi kaɗai har rani ya wuce. Gaskiya ne? Daga wani mai kiwo.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Batun juriya gaskiya ne, sauran biyun kuwa an zuba musu gishiri.

Atriplex dangi ne mai nau'i sama da 200. Biyu ne suka yi fice wajen kiwo: Atriplex nummularia ɗan asalin Ostareliya, wanda kan kai tsayin mita 3, da Atriplex halimus na Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya. Saiwarsa na nutsawa ƙasa sosai, shi ya sa yake zama da ganye a wuraren da ruwan shekara bai wuce milimita 200 zuwa 400 ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake yi da gishirin. Ba ya hana shi shiga jikinsa. Sai ya tura shi cikin wasu 'yan ƙananan jakunkuna da ke bisa fatar ganye. In sun cika sai su fashe, gishirin ya bushe a wurin. Wannan ne ya sa ganyen yake toka-toka kamar an barbaɗa masa gari, kuma wannan farin launin yana rage masa zafin rana.

To, nan ne maganar wanke gona ta rushe. Ganyen da ya tara gishiri a gindin tsiron yake zubowa, wanda dabba ta ci kuma ya dawo ta fitsari. Amfaninsa na gaskiya daban ne. A Yammacin Ostareliya, da aka sare itatuwa don noman alkama, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso ya kawo gishiri sama. Can ana dasa shi don ya riƙa shan wannan ruwan, ya rufe ƙasa daga iska, filin da aka fitar da rai da shi ya zama makiyaya. Amma ba ya mai da shi gonar alkama.

Batun ci kuma, ganyen na da furotin mai kyau da bitamin E, a daidai lokacin da ciyawa ta bushe. Sai dai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen ganyen gishiri ne da sauran ma'adinai, abin da ke ba da ƙarfi kuma kaɗan ne a ciki. Tunkiya takan ci ta tsaya tun ba ta ƙoshi ba, saboda jikinta ba zai ɗauki ƙarin gishiri ba. Za ta rayu, amma kada ka sa ran ƙiba ko nono. Shi ya sa a Maroko da Tunisiya ake dasa shi layi-layi, a shuka sha'ir a tsakani, dabba ta haɗa ganyen da karan sha'ir. Kuma dole ruwan sha mai daɗi ya wadata, don ƙishirwarsu na ƙaruwa ƙwarai. In rijiyarka ma ruwan zartsi ce, ni dai ba zan ba ka shawarar ka dogara da shi ba.

In za ka gwada, rena shi a leda ka dasa da damina, domin irinsa ba ya saurin tsirowa in an watsa shi kai tsaye. Ka guji kwarin da ruwa ke daɗewa a kwance. Kada dabba ta taɓa shi a shekarar farko, bayan nan kuma in sun cinye ganyen ka janye su wasu watanni ya sake tofo.