Surukata za ta zo cin talotalo, ni kuwa ban taɓa gasa shi ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Zariya ce, aure ya kawo ni birnin Columbus na jihar Ohio. Maigidana baƙar fatar Amurka ne, Musulmi, amma mahaifiyarsa da danginsa Kiristoci ne. Duk shekara a gidan surukata ake taruwa cin abincin Ranar Godiya, wadda suke kira Thanksgiving. Bana ciwon ƙafa ya matsa mata, sai maigidan ya ce a dawo da taron gidanmu, ya kuma gayyato abokansa biyu 'yan Nijar da iyalansu. Za mu kai mutum 18, ga falonmu ɗan ƙarami. Ban taɓa gasa talotalo ba. Surukata ta bugo waya tana tambayar abin da za ta kawo, kunya ta sa na ce kada ta wahalar da kanta. Yanzu ko barcin kirki ba na samu. Ki ba ni shawara don Allah.
Maman yara biyu, Columbus.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin mu zo kan talotalo, ɗauki waya yau ɗin nan ki sake kiran surukarki. Amsar da kika ba ta tarbiyya ce irin tamu, a Zariya yaba miki za a yi. Amma a wurin tsohuwar da ta shekara da shekaru tana ciyar da zuri'arta a wannan rana, “kada ki kawo komai” na iya zama kamar an ce mata zamaninta ya wuce. Al'adarsu ita ce kowane gida ya zo da kwanonsa. Ki ce mata kina son ta zo da abin da 'ya'yanta suka fi so daga hannunta. A gidajen baƙaƙen Amurka yawanci makaroni ne da cuku da ake gasawa, ko dahuwar ganye, ko dankalin Hausa mai zaƙi. Za ki ji muryarta ta sake.

Abu ɗaya ne sai an faɗa tun da wuri, kuma bakin ɗanta ya fi dacewa da shi: da yawa suna dafa ganyen nan da ƙafar alade, wasu na sa kitsensa a kwaɓin fulawa, wasu kuma su zo da kwalbar giya a matsayin tsaraba. Ya gaya musu cikin ladabi tun mako guda kafin ranar, kada a bari sai a bakin ƙofa.

Ranar tana faɗowa ne Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Shugaba Abraham Lincoln ya ayyana ta ga ƙasa baki ɗaya a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, majalisa kuma ta tsayar da ita a kan wannan Alhamis ɗin a 1941. Ana danganta asalinta da cin abincin kaka da Turawan Ingila suka yi da 'yan asalin ƙasar na ƙabilar Wampanoag a garin Plymouth a 1621, kodayake ga 'yan asalin ƙasar da yawa ranar tuna baƙin ciki ce. Na kawo miki wannan ne don ki san nauyinta a zukatansu. Mutane kan yi tafiyar sa'o'i don kawai su zauna a tebur ɗaya da iyayensu, shi ya sa miƙa miki ita da aka yi ba ƙaramin yarda ba ne.

To, talotalo. Ba gwaninta yake buƙata ba, lokaci yake so. Ki je shagon naman halal ki ba da sunanki tun yanzu, don a makon ƙarshe ƙarewa yake yi. Tunda akwai wasu abincin, mai nauyin laba 16, wato kilo bakwai da ɗan ɗori, ya ishe ku. Idan daskararre kika samu, hukumar aikin gona ta Amurka ta ce a ba kowace laba huɗu zuwa biyar kwana ɗaya a firji kafin ya saki. Naki ke nan kwana huɗu, don haka ya bar firiza tun daren Asabar, a ajiye shi cikin faranti a can ƙasan firji. Kada ki bar shi a kan kantar kicin ya kwana. Ki kuma zura hannu ta ciki da ta wajen wuya, akwai ƙullin hanta da ƙundu da suke cusawa.

Na san hannunki zai yi ƙaiƙayin wanke shi a famfo, haka muka taso. Hukumar ta hana, saboda ruwan yana fantsama ƙwayoyin cuta a kan kwanuka da kantar kicin, kuma wuta ce ke kashe su, ba wanki ba. Ki tsane shi da takardar kicin kawai. Ranar Laraba ki shafe shi da gishiri, citta, tafarnuwa, masoro da man shanu, har ƙarƙashin fatar ƙirji, ya kwana a firji. Ki sassauta barkono, a ajiye yaji a gefe don masu so. Ranar Alhamis ki sa oben a 325 na ma'aunin Amurka, zai ɗauki wajen sa'a huɗu. Ki sayi ɗan ma'aunin zafin nama, ba shi da tsada. Ki soka shi a tsokar cinya da ta ƙirji ba tare da ya taɓa ƙashi ba, in ya kai 165 ya nuna. Sai ki bar shi ya huta minti 20 kafin a yanka. Haɗin burodin da suke cusawa a cikinsa kuwa, a gasa shi daban, ko ma ki bar wa surukarki.

Kada kuma ki ɓoye hannunki na Bazazzagiya. Lokacin kabewa ne a can, ko'ina tana jibge, to me zai hana ki yi miyar taushe da waina? Su sun saba cin kabewa da sukari a gashe, bari su ji ta da gyaɗa da alayyahu. Baƙinku 'yan Nijar ma za su ji sun zo gida. Miyar ki gama ta tun Laraba, ƙullun waina ya kwana, zoɓo ya yi sanyi. Kada ki wuce haka. Matan abokan maigidan su ma ki roƙe su dambu ko soyayyar shinkafa, ba za su ƙi ba.

Ƙanƙantar falo ba ta dame ni ba. A jera abinci a kicin kowa ya ɗiba da kansa, a aro kujerun naɗewa, dattawa su hau tebur, yara a shimfiɗa musu tabarma. Ki sa lokacin cin abinci wajen ƙarfe uku, domin a ƙarshen Nuwamba magariba na yi a garinku da biyar da 'yan mintoci. Ki ware ɗaki ɗaya da dadduma, maigida ya sanar da danginsa cewa za a ɗan tashi salla. Mazansu dai za su manne wa talabijin, don ƙungiyar Detroit Lions tana buga ƙwallon Amurka a wannan rana tun 1934. A gidaje da yawa kuma akan zagaya kowa ya faɗi abin da yake godiya a kai kafin a fara ci, ki shirya taki kalmar tun kafin a zo kanki.

Idan surukarki ta shigo kicin, kada ki ce ta koma ta zauna. Na san da nauyi, mu da ko haɗa ido da suruka ba mu cika yi ba. Jawo mata kujera saboda ƙafar, ki miƙa mata cokali ta haɗa romon talotalon mai kauri da suke zubawa a kan nama. Tana yi tana ba ki labarin ƙuruciyar mijinki, a nan sabo zai shiga tsakaninku.

Shi kuma maigida, tunda shi ya yi gayyar, sayayya da ɗauko kujeru da yanka naman da wanke-wanke nasa ne, ki gaya masa yanzu. Ki tanadi robobin zuba abinci da yawa, domin su ma suna son tafiya da ragowa. Abin da ya saura ya shiga firji kafin sa'a biyu da saukewa, a cire naman daga ƙashi, a cinye cikin kwana uku zuwa huɗu. Ƙashin kuma kada ki zubar, ya yi miki romon miyar kuka ranar Juma'a.