Koyar da "Beiying" ga 'yan aji takwas

Malam, ka tambaya ta ina za ka fara koyar da "Beiying", rubutun da marubucin ƙasar Sin Zhu Ziqing ya yi a 1925 kan rabuwarsa da mahaifinsa. Fara da tashar jirgin ƙasa ta Pukou, inda uban, mai jiki, ya tsallaka layin dogo don sayo wa ɗansa lemo. Sa ɗalibai su ja layi ƙarƙashin kowane motsinsa yayin hawa dandamalin tashar: kama bakin dandamali da hannu biyu, ɗaga ƙafafu, karkata hagu.

Kada ka riga su cewa uban na ƙaunar ɗansa, haddacewa kawai za su yi. Sai sun ga wahalar hawan nan za su gane abin da ya sa ɗan, wanda ɗazu yake raina maganar mahaifinsa, ya yi saurin share hawaye kada uban ya gani.